Jan Fenti a Gidan Gayya: Yadda Ake Sallamar Tsohon Kod

Ranar 14 ga Maris, 2023, injiniyoyin shafin Reddit suka zauna yin wani aiki da suka saba, wato sabunta Kubernetes, manhajar da ke raba aiki tsakanin tarin kwamfutocin da shafin ke tafiya a kansu. Daga siga ta 1.23 za su koma ta 1.24. Ba a jima da farawa ba shafin ya ɗauke ɗif, kuma bai dawo ba sai bayan minti 314. Da ƙura ta lafa aka bi sawu, sai aka tarar kalma ɗaya ce ta jawo wannan aika-aika. A da, Kubernetes tana liƙa wa manyan kwamfutocin da ke ba sauran umarni wata alama mai ɗauke da kalmar "master", wato ubangida. Masu kula da manhajar sun yanke shawarar barin kalmar saboda ƙanshin bauta da ke tattare da ita, sun fito da sabuwar alama, sun kuma sanar tun siga ta 1.20, a ƙarshen 2020, cewa tsohuwar tana kan hanyar fita. A 1.24 suka cire ta. A can cikin tsarin Reddit kuwa akwai wani saiti da aka yi shekaru baya, wanda aka manta da shi, yana neman kwamfutoci masu tsohuwar alama domin ya san ta ina saƙo zai bi. Ya duba bai ga ko ɗaya ba, hanyoyi suka toshe.

Babu wanda ya yi ƙeta a wannan labari. Sanarwa an yi, wa'adi an ba da, kuma ya haura shekara guda. Wanda ya kamata ya ji ne bai san maganar ta shafe shi ba.

Kubernetes na cikin manhajojin da ake kira buɗaɗɗu: rubutun umarnin da aka gina su da shi, wanda masu sana'ar ke kira kod, a fili yake, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ya kawo gudummawa. Aikin gayya ne sosai da sosai. Linux, Python, Firefox, WordPress, duk haka suke, kuma wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan Linux take zaune. Kamar kowane gida da aka daɗe ana ƙara masa ɗakuna, akwai ranar da wani ɗaki zai zama kaya. Yadda aka saba yi mataki biyu ne. Da fari a yi wa ɗakin alama, kamar jan fentin da hukuma ke shafa wa ginin da za a rushe: yana nan, ana iya kwana a ciki, amma an faɗa wa kowa ya fara neman wani wuri. Daga baya sai rusau ya zo. Duk rigimar da ake yi a tsakanin waɗannan matakai biyu take: tsawon wa'adi, wa zai ji sanarwa, wa zai ɗauki wahalar ƙaura.

Mai tambaya zai ce, kod ai ba ya ruɓewa, ba ya cin abinci, me zai hana a ƙyale shi? Amsar ita ce yana ci, lokacin mutane yake ci. Duk wanda zai taɓa wani sashe na manhaja sai ya tabbatar bai karya tsohon ba, duk wani gwaji sai an haɗa da shi, duk sabon shiga sai ya karanta shi kafin ya gane gidan. Kuma yawancin masu wannan hidima ba albashi ake biyan su ba, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su suke yi.

Wani lokaci kuma tsohon ɗakin shi ne wanda ɓarawo ke shigowa ta tagarsa. Log4j ƙaramar manhaja ce da shirye-shiryen harshen Java ke amfani da ita wajen rubuta bayanin abin da ke faruwa a cikinsu, kamar littafin da mai gadi ke rubuta shige da fice. A 2013 aka ƙara mata wata dabara: idan rubutun da aka ba ta ya ƙunshi wata alama ta musamman, za ta iya zuwa wata kwamfuta ta ɗauko bayani. Shekara takwas dabarar na zaune. A Disamba 2021 duniya ta farga cewa da wannan alama mugu zai iya sa kwamfutar wani ta ɗauko umarninsa ta aiwatar, kuma an nuna hakan da saƙo guda da aka rubuta a akwatin hirar wasan Minecraft. A ma'aunin hatsari mai maki goma, goma cif aka ba wannan ɓaraka. Bankuna, ma'aikatun gwamnatoci da manyan kamfanoni suka kwana a tsaye, 'yan tsirarun masu kula da Log4j kuma suka sha zagi. Ɗaya daga cikinsu ya fito ya ce dabarar ba wanda ke son ta a cikinsu, sun bar ta ne don gudun karya wa masu amfani da ita aiki. Cikin kwanaki kaɗan suka fitar da siga ta 2.16 suka toshe ta. Abin da aka ji nauyin yi a shekara takwas, tsoro ya sa aka yi shi a mako guda.

Irin wannan sharar gaggawa ta taɓa faruwa a 2014, bayan ɓarakar Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL. Ita ɓarakar ba a tsohon kod take ba, amma da mutanen manhajar OpenBSD suka leƙa gidan suka ga tarkacen da ke ciki, har da tallafin tsarukan kwamfuta da kusan ba mai kunna su, sai suka ɓalle suka kafa LibreSSL, suka zubar da layi sama da 90,000 a makon farko.

To idan cirewa na da wannan amfani, me ya sa ake jan ƙafa? Domin mai buɗaɗɗiyar manhaja bai san abokan cinikinsa ba. Kamfanin da ke sayar da manhaja yana da rajista, yana iya buga wa kowa waya. Wanda ya ajiye kod a fili kuwa kamar wanda ya haƙa rijiya ne a bakin hanya, bai san adadin masu sha ba sai ranar da ya rufe ta. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya lura da wani abu da yanzu ake kira da sunansa: muddin masu amfani da manhaja suka yi yawa, duk wata ɗabi'arta da ake iya gani, ko da kuskure ce, akwai wanda ya jingina aikinsa da ita. A Maris 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya fusata kan rigimar suna da kamfanin Kik, ya kwashe kayansa sama da 250 daga npm, rumbun da masu rubuta manhaja ke ajiye kod don kowa ya sauke. A cikinsu akwai left-pad, layi goma sha ɗaya kacal, wanda aikinsa cike gurbi ne a gaban rubutu. Manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa nan take, sai da masu rumbun suka maido da shi da hannunsu, suka kuma tsaurara ƙa'idar janye kaya.

Babu labarin da ya koya wa masu wannan sana'a hankali kamar na Python. A Disamba 2008 Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya ƙirƙiri harshen, da abokan aikinsa suka fitar da Python 3, suka ce a wannan karo za a gyara kurakuran tushe ko da tsofaffin shirye-shirye za su daina aiki. Wasu gyare-gyaren ƙanana ne. A Python 2, idan aka raba 5 da 2 amsa 2 ce, a sabon kuwa 2.5. Babban gyaran shi ne na rubutu, kuma mai rubuta Hausa ya fi Bature sanin zafinsa. Tsohon Python yana ɗaukar rubutu a matsayin jerin ƙwayoyin ajiya ne, kowane harafin Turanci ƙwaya ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ kuwa ƙwaya biyu-biyu suke ci a tsarin da aka fi amfani da shi. Saboda haka idan aka tambayi Python 2 haruffa nawa ne a kalmar "ƙasa", sai ya ce biyar, idan kuma aka ce ya yanko harafin farko, sai ya yanko rabin ƙ, ya bar wani tarkace da ba ya karantuwa. Akwai hanyar kauce wa haka, amma sai mai rubutu ya tuna da ita a kowane layi, kuma wanda duk bayanansa da Turanci suke ba ya tunawa. Python 3 ya mai da kowane rubutu na tsarin Unicode tun daga tushe. Gyara ne na gaskiya, kuma masu harsunan da ba Turanci ba su suka fi cin moriyarsa.

Amma an yi kuskuren lissafi. An zaci mutane za su bi da kayan fassara na atomatik su ƙaura cikin 'yan shekaru. Abin da ya faru shi ne kowa ya tsaya jiran kowa. Mai shiri ya ce ba zai motsa ba sai ɗakunan karatun kod da yake dogaro da su sun motsa, masu ɗakunan suka ce ba za su wahala ba tunda jama'arsu na kan tsohon. Kamfanin da ke da layi miliyan yana aiki lafiya bai ga dalilin kashe kuɗi don ya dawo inda yake ba. An sa 2015 a matsayin ranar sallamar Python 2.7, da aka ga ba a shirya ba, a 2014 van Rossum ya ɗaga ta zuwa 2020. Duk wanda ya ga canjin takardun naira na 200 da 500 da 1000, wanda aka sanar a Oktoban 2022 aka ce tsofaffin za su daina aiki a ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara kwana goma, daga bisani Kotun Ƙoli ta tsawaita, ya san yadda wa'adi ke narkewa idan sabon abu bai wadata a hannun jama'a ba.

Abin da ya warware ƙullin ba wa'azi ba ne. Da farko masu Python sun sauko: a siga ta 3.3, a 2012, suka maido da wata tsohuwar alamar rubutu da suka cire, don kawai shiri ɗaya ya iya aiki a gida biyu. Wani ɗan ƙaramin kayan aiki mai suna six, wato biyu sau uku, ya zama gada. Sannan sabon ya fara tara abubuwan kwaɗayi da tsohon ba shi da su. Daga ƙarshe manyan ayyuka suka haɗa baki suka sa rana: Django ya bar Python 2 a sigarsa ta 2.0 a Disamba 2017, NumPy da pandas da wasu da dama suka yi alkawarin bari kafin 2020. Instagram da Dropbox suka kwashe kayansu suka ƙaura. Ranar 1 ga Janairu, 2020 tallafi ya ƙare a hukumance, siga ta ƙarshe, 2.7.18, ta fito a Afrilun shekarar. Shekara goma sha ɗaya da ɗoriya ke nan. Ko a hakan sai a Maris 2022 Apple ya cire Python 2 daga kwamfutocinsa. Van Rossum kansa ya sha nuna cewa da wuya a ga Python 4, jiki magayi.

Akwai wata matsala da ta fi wa'adi wuya, ita ce ta kunne. Jan fentin kod yawanci gargaɗi ne da ke fitowa a allo lokacin da shiri ya taɓa abin da za a cire. To wa ke gani? Sau da yawa mai amfani na ƙarshe ne, wanda ba shi ya rubuta layin ba kuma ba shi da ikon gyara shi. Don a raba mutane da wannan hayaniya, Python ya ɓoye irin wannan gargaɗi tun daga 2.7 da 3.2. Sai aka koma gidan jiya ta wata ƙofa: masu kod ɗin ma suka daina gani, rusau ya riƙa zuwa musu ba zato. A 3.7 aka sake buɗe shi rabi-rabi. Wanda kuma ya taɓa sauke kaya daga npm ya san yadda layukan gargaɗi ke zubowa har ido ya saba ya daina karantawa. Manhajar request, wadda marubucinta Mikeal Rogers ya yi wa jan fenti a Fabrairun 2020, ta ci gaba da samun saukewa miliyoyi a kowane mako shekaru bayan haka, mafi yawa ta hannun wasu manhajoji da suka jawo ta ba da sanin mai saukewa ba.

Idan kuma aka shafa fenti ba a zo rusau ba, fentin ya zama ado. A Java an yi wa umarnin Thread.stop alama tun 1998, aka ce yana da hatsari, amma bai daina aiki ba sai a Java 20, a 2023. Yaron da aka haifa ranar sanarwar ya isa aure kafin a aiwatar. Dole ta sa a Java 9 aka ƙirƙiro alama ta biyu mai nufin wannan karon da gaske ake. Wasu kuma sun zaɓi kada su rushe komai: harshen Go ya yi alkawari tun 2012 cewa shirin da aka rubuta da siga ta 1 zai ci gaba da aiki, don haka abin da aka yi wa alama a can yana nan zaune, ana dai hana sababbi shiga.

Tsarin da ya fi burge mai wannan sharhi shi ne na Linux, domin ya raba gidan biyu. Ƙofar waje, wadda shirye-shiryen jama'a ke shiga ta cikinta, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya kafa dokar cewa ba a taɓa ta: gyaran da ya karya shirin da ke aiki jiya, gyaran ne ke da laifi, kuma ya sha yi wa manyan injiniyoyi kaca-kaca a kan haka. Cikin gida kuwa ana rushewa ana ginawa kullum, da sharaɗin wanda ya canja abu shi zai bi duk inda ake amfani da shi ya gyara. Wahalar tana kan mai son canji. Game da tallafin tsofaffin na'urori kuma, tambayar da ake yi ba ta shekaru ba ce, ta mai riƙo ce. Akwai wani kundi a cikin Linux da ke jera kowane sashe da sunan mai kula da shi da halin da yake ciki, kuma ɗaya daga cikin halayen sunansa maraya. A 2019 mai kula da kod ɗin faifan fulofi ya ce ba shi da sauran na'urar gwaji mai aiki, Torvalds ya rubuta maraya a gaban sashen. Ba a daɗe ba wani injiniya, Denis Efremov, ya ce ya ɗauki riƙo, sashen ya tsira. Iyalin ƙwaƙwalwar Motorola 68000, wanda ya samo asali a 1979, yana nan cikin Linux domin masoya tsofaffin kwamfutocin Amiga da Atari ba su gaji ba. Itanium na Intel, wanda ya fito a 2001 aka kashe masa maƙudan kuɗi, an fitar da shi a siga ta 6.7 a farkon 2024. A 2018 an sallami nau'o'in ƙwaƙwalwa takwas a tashi ɗaya, layi kusan rabin miliyan, ba a ji kukan kirki ba. Ko Intel 386, wadda a kanta Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991, an cire ta a siga ta 3.8, shi kuwa ya ce ba shi da wani begenta.

Wannan ma'auni na mai riƙo adalci ne ga masu aikin gayya, amma yana da makahon gefe: wanda ke da murya shi ake ji. A Yunin 2019 kamfanin Canonical ya ce Ubuntu, nau'insa na Linux, zai daina tallafa wa tsarin 32-bit. Kamfanin wasanni na Valve ya ce to dandalinsa na Steam zai daina ba da shawarar Ubuntu, mutanen manhajar Wine su ma suka yi ƙorafi, cikin mako guda Canonical ya sassauta. Masu wasa sun samu biyan buƙata domin suna da babban yaya. Da Debian 13, wani nau'in Linux ɗin, ya fito a Agustan 2025 ba tare da hanyar girka shi a kan kwamfuta mai 32-bit ba, waɗanda abin ya fi shafa su ne masu tsofaffin injuna na hannu, irin waɗanda ake jibgewa a shagunan buga takardu da ɗakunan kwamfuta na makarantu a ƙasashe marasa ƙarfi, kuma ba su ne ke zama a inda ake yanke shawara ba. Ba a ce Debian sun yi laifi ba, sun riƙe tsarin fiye da yawancin takwarorinsu. Sai dai ƙididdigar masu amfani da ake dogaro da ita tana ƙirga wanda ke da intanet ne kuma ya yarda a ƙirga shi.

An taɓa yin abin da ya dace a irin wannan hali. A Nuwamban 2020 ƙungiyar Let's Encrypt, mai raba wa shafuka takardun shaidar tsaro kyauta, ta sanar da wani canji da zai sa wayoyin Android da ba su kai siga ta 7.1.1 ba su riƙa ƙin buɗe ɗimbin shafuka. Da kanta ta faɗi cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na wayoyin Android ke nan a lokacin. Wanda ya san irin wayoyin da ke yawo hannu zuwa hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano ya san su wa ake nufi. Bayan wata guda ƙungiyar ta samo dabara tare da kamfanin IdenTrust, aka ƙara wa waɗannan wayoyi shekara uku, har zuwa 2024.

Python ma ya sake gwada rusau, a wannan karo da kaffa-kaffa. A 2019 Christian Heimes ya kawo shawarar a kwashe abin da ya kira matattun batura, wato tsofaffin sassan da ke zuwa tare da harshen amma zamani ya wuce su: masu karanta fasalin sauti da hoto na shekarun 1980 da 1990, da cgi na shafukan intanet na farko, da telnetlib. Aka baza jerin a fili, aka yi shekara uku ana ja-in-ja kafin a amince a 2022. An kunna gargaɗi a siga ta 3.11, an bar shi a 3.12, sannan a 3.13, a Oktoban 2024, aka cire sassa 19. An rubuta abin da zai maye gurbin wasu daga cikinsu, wasu kuma 'yan sa kai suka kwashe su suka ajiye a rumbun PyPI, mai buƙata ya sauke da layi ɗaya. Jerin da aka fara da shi ya fi wanda aka ƙare da shi tsawo, domin masu amfani da wasu sassan sun fito sun yi magana a kan lokaci. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira shi ne wave, mai karanta fayilolin sauti na WAV, kuma cikin dalilan da aka rubuta na barinsa har da cewa malamai na amfani da shi wajen nuna wa yara yadda ake sa kwamfuta ta yi ƙara.